Sadaka Ko Hakki? Yaro Naƙasasshe Da Malaminsa

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga zuwa Shagari, ba zai rasa ganin yaro makaho da ɗan jagora, ko gurgu a bisa kekensa, yana bara a bakin tasha ko ranar kasuwa ba. Mukan miƙa masa abin da ya sawwaƙa, mu wuce muna jin mun sauke nauyi. Tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu ita ce: shin abin da yaron nan yake bin mu sadaka ce, ko kuwa wani bashi ne da ya fi ta nauyi?

Sadaka ganin dama ce, mai bayarwa shi ke da iko da ita, kuma shi ake yi wa godiya. Hakki kuwa na mai shi ne, wanda ya riƙe shi ya ci amana ko da bai sani ba. Ilimin naƙasasshe yana cikin kashi na biyu. Addini ya riga boko faɗin haka, domin Suratu Abasa ta sauka ne a kan Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon da ya zo neman sani, wanda daga baya ya zama ladani a Madina. Hukuma ma ta faɗi nata: dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun firamare da ƙaramar sakandare ga kowane yaro, dokar hana wariya ga naƙasassu da aka sa wa hannu a 2019 kuma ta ba su karatu kyauta har sakandare. Sai dai ganin Dala ba shiga birni ba ne. Doka tana Abuja, yaro yana ƙauye, wanda ke tsaye a tsakaninsu kuwa malamin aji ne.

To, za a ce ai akwai makarantar musamman ta A. A. Raji a birnin Sakkwato. Gaskiya ne, kuma tana da amfani. Amma makaranta guda ba za ta ɗauke 'ya'yan jiha duka ba, kuma ba kowane manomi ne zai iya rabuwa da ɗiyarsa kurma mai shekara bakwai ya kai ta birni ba. A nan tarihin ƙasar nan tamu yana da abin koya mana. A Sifawa, kusa da Boɗinga, Shehu Usmanu ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga. 'Yar Shehu, Nana Asma'u, da ta ga matan ƙauye ba su iya zuwa wurin karatu, sai ta naɗa jajis suka kai musu karatun har gida. Ba ta ce wanda ya kasa zuwa ya haƙura ba. Wannan ita ce ƙa'idar: idan ɗalibi ya gaza isa ga ilimi, a kan mai ilimi ne ya isa gare shi.

Malami yana da hanzarinsa, kuma bai kamata mu raina shi ba. Zai ce aji ya cika maƙil, ba a koya masa rubutun makafi ko maganar hannu ba, albashi kuma bai kai wata. Duk mun yarda, kuma horo da kayan aiki nauyin gwamnati ne da kwalejojin horon malamai, irin wadda ke ɗauke da sunan Shehu Shagari a Sakkwato. Amma akwai abin da ba ya cin ko kwabo. Rubuta sunan yaro a rajista ba ya bukatar kwangila. Haka zaunar da mai raunin gani a gaba, da karanta abin da aka rubuta a allo da murya, da fuskantar kurma in ana magana don ya ga leɓe, da tsawata wa yaran da ke kiran ɗan'uwansu da sunan lalurarsa, da takawa gidan uban da ya ɓoye ɗansa don kunya. Malamin da ya ce wa uba, "Mai da shi gida, ba zai iya ba," ya yanke hukuncin rayuwa guda a cikin numfashi ɗaya, alhali bai jarraba ba.

Mu marubuta mun fi kowa sanin hasarar da ke cikin wannan hukunci. Aliyu Namangi na Zariya, mai waƙoƙin Imfiraji, wanda ya rasu a 1990, makaho ne tun yana ƙarami. Da malaman da suka karantar da shi sun ce ya je ya riƙi ƙoƙo kawai, da adabin Hausa ya yi babban rashi, ba tare da kowa ya san an yi shi ba. Haka nan Alhaji Shehu Shagari alli ya fara riƙewa kafin ya riƙi ƙasa a 1979, abin da ke nuna cewa aikin malanta ba ƙaramin matsayi ba ne a wannan yanki.

Mu ma akwai namu rabon. A littattafanmu, makaho almajiri ne, kurma abin dariya ne, gurgu kuwa ba ya fitowa sai an zo wurin ban tausayi. Yaran da ke karanta mu yau su ne malaman gobe, kuma da idon da muka ba su za su dubi yaron da ya rarrafo bakin aji. Allah Ya ba mu ikon gyarawa, amin.