Tsohuwar Jaket ɗin Mai Hawan Keke da Iyakar Wadatar Zuci

Malaman Musulunci sun daɗe suna tattauna matsayin tufar da ta tsufa, sai dai galibin maganarsu ta tsaya a kan rigar da aikinta sutura ne da ado, alhali akwai tufar da domin kariya aka ɗinka ta, irin jaket ɗin da masu keke da 'yan kabu-kabu ke sawa a Minna, musamman masu sammako daga Bosso ko Maitumbi zuwa Kasuwar Kure, da masu bin hanyar Bida zuwa Gidan Kwano cikin hunturu. Mafi yawan rigunan nan gwanjo ne, wato an riga an sa su a ƙasashen waje kafin su iso cikin dila, saboda haka da tsufansu suka zo. Abin tambaya shi ne ko riƙe irin wannan riga har ta gama aiki wadatar zuci ne, ko kuwa sakaci.

Alherin tsohuwar jaket ba ya ɓuya ga mai ita. Yadinta ya yi laushi ya bi jiki, hannunta ya lanƙwashe daidai inda gwiwar hannu ke lanƙwasa yayin riƙon kan keke, kuma mai ita ya san aljihun da ba ya yoyo, nan yake ajiye waya da kuɗin ciniki, ba ya kuma fargabar ƙura ko baƙin mai. Addini ma yana tare da shi a wannan gaɓa, domin Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa an ga Sayyidina Umar, yana halifa, da faci uku a tsakanin kafaɗunsa, kuma an san Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, da ƙarancin tufafi duk da girman daular da jihadinsa ya kafa. Wannan hali shi ake kira ƙana'a, wato zuciya ta gamsu da abin da ke hannu ta daina hangen na wasu.

Aibin rigar kuwa ya fi wuyar gani, kuma a nan ne mas'alar ta yi nauyi. Abin da ke hana ruwa shiga irin wannan jaket siririn shafe ne na roba a cikin yadin, tare da wani zirin da aka manna a bayan kowane ɗinki domin ya toshe hudar allura. Zafin Maris da Afrilu a Minna, da gumi, da yawan wanki da omo, suna sa shafen ya tsattsage yana zuba fari-fari, zirin kuma ya ɗaye, ta yadda ruwan Agusta zai ratsa ta kafaɗa ya sauka har ƙugu alhali rigar daga waje lafiyarta lau. Mafi hatsari shi ne layin nan mai walƙiya da ke baya da hannuwa, wanda ƙananan ƙwayoyin gilashi ne ke mayar wa direba hasken fitilarsa; ƙwayoyin suna kakkaɓewa a hankali, layin yana nan da launinsa da rana, amma da dare mai tirela a hanyar Suleja ba zai hangi komai ba sai ya matso. Mai rigar yana tafiya da amincewar da ta dace da ita tun tana sabuwa, ita kuwa ta daina cika alkawarin da daɗewa.

Alƙur'ani ya bambanta ayyukan tufa: aya ta 26 ta Suratul A'arafi ta ambaci sutura da ado, aya ta 81 ta Suratun Nahli kuma ta ambaci rigunan da ke kare mutum daga zafi da kuma cutarwar yaƙi. Imamu Shaɗibi, wanda ya rasu a 1388, ya tsara maslahar bayi hawa uku, wato larura, wadda rayuwa ba ta tsayuwa sai da ita, da buƙata, wadda rashinta ke jawo ƙunci, da ƙawa, wadda kyautatawa ce. Idan aka auna jaket da wannan ma'auni, koɗewar launi da facin gwiwar hannu ƙawa kawai suka taɓa, kuma haƙuri da su abin yabo ne. Yoyon ruwa ya taɓa buƙata. Mutuwar layin walƙiya ga mai tafiyar dare kuwa ta shiga kiyaye rai, wanda yake cikin hawan larura. Facin Sayyidina Umar bai jefa ran kowa cikin hatsari ba, saboda haka ba ya zama hujja ga ɗan kabu-kabun da ya goyo mace da jaririnta bayan isha'i cikin duhu, domin ran da ke bayansa amana ne, kuma ba a yin tawakkali da haƙƙin wani.

Duk da haka, adalci ya hana a ɗora laifin a kan wanda ba shi da zaɓi. Zuhudu shi ne barin abin da mutum ke da ikon samu, rashi kuwa jarrabawa ce, kuma kiran talaucin mai keke da sunan gudun duniya hanya ce ta kau da kai daga gare shi. Ibnul Jauzi, wanda ya rasu a 1201, ya soki masu mayar da riga mai faci alamar neman suna, kuma sukar tana hawa kan mai hali da ke yabon tsohuwar jaket a jikin yaronsa alhali shi a mota yake yawo. Wanda ya ba da babur yana karɓar balas kowace yamma yana da kaso a cikin wannan nauyi, tun da gyaran bai kai sayen sabuwa tsada ba: tela zai iya ɗinka sabon layin walƙiya a kan tsohon, ya sauya zif, a bar rigar ta ci gaba da tare iskar Disamba, a nemi rigar ruwa daban kafin damina ta sauka.