Sunan Titi: Tarihi Ne Ko Kirari?

Duk lokacin da aka ta da maganar sauya sunan wani titi, hujjar farko da masu adawa kan kawo ita ce wai ana neman shafe tarihi. A nawa ganin wannan hujja ba ta da ƙwari. Allon da ke bakin titi ba littafi ba ne. Ba ya faɗin abin da mai sunan ya shuka, alheri ko sharri. Aikinsa ɗaya ne, wato kirari, kuma kirari ne da ake tilasta wa kowa ya riƙa yi, daga direban tasi har zuwa mai rubuta adireshi a bayan ambulan.

Mu ɗauki Lugga alal misali. Akwai titi mai sunansa a unguwar Ikoyi ta Legas, ga kuma zauren majalisa na Kaduna da ake kira Lugard Hall. Wanda ya bi ta wannan titi sau dubu ba zai ji labarin cin Kano da Sakkwato a 1903 ba, ko kisan Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi cikin wannan shekara, balle jinin da aka zubar a Satiru a 1906. Abin da zai ɗauka kawai shi ne mutumin ya cancanci girmamawa. Ashe ke nan allon ma yana iya zama mayafin da ke rufe tarihi. In an cire shi, Lugga yana nan daram a cikin littattafai da ɗakunan ajiye takardu, da haɗewar 1914 da babu mai iya tsallake ta.

To amma fa Turawan mulkin mallaka su ne masu sauƙin hukunci, domin ba su da dangi a cikinmu da za su fusata. Inda gizo ke saƙa shi ne idan aka zo kan namu. A tsakiyar Legas akwai dandalin Tinubu, wanda ya ci sunan Madam Efunroye Tinubu, attajirar da ta rasu a 1887. Ta yi fito-na-fito da Turawa har aka kore ta zuwa Abekuta, inda ta zama Iyalode. Ita ɗin dai kuma ta yi fataucin bayi. Da wane mudu za a auna ta? Idan cinikin ɗan Adam ya isa a sauke sunan Bature, me zai hana ya isa a sauke nata? Mu ma Hausawa kada mu yi saurin nuna yatsa, don kuwa cikin sarakunan da muke yi wa kirari akwai waɗanda gandayensu bayi ne suka noma su. Wanda ya ce a cire Lugga amma ya kau da kai daga wannan, ba zalunci yake ƙi ba, baƙon azzalumi kawai yake ƙi.

Akwai kuma matsalar wanda ke riƙe da fenti. A zamanin Janar Abacha, da hukumomin birnin New York suka sa wa wata kusurwa kusa da ofishin Nijeriya sunan Kudirat Abiola, wadda aka kashe a Legas a 1996, sai gwamnati ta rama. Ta mai da Eleke Crescent, inda ofishin jakadancin Amurka yake, ya koma titin Louis Farrakhan. Bayan dawowar farar hula a 1999 aka sake mai da shi titin Walter Carrington, jakadan da ya yi ta sa-in-sa da sojoji. Titi ɗaya, suna uku, kuma ba zaɓin mazauna wurin ba ne ko sau ɗaya. Haka Broad Street ya taɓa zama titin Yakubu Gowon, da mulki ya kuɓuce masa sunan ya bi shi.

Saboda haka ni ina goyon bayan a sauya, amma da sharaɗi biyu: a shawarci masu kwana da tashi a kan titin, sannan a bayyana laifin da ya jawo saukewar, yadda gobe za a iya auna kowa da shi. Sharaɗi na biyun ne nake jin zai fi ba mu wuya, domin ranar da aka rubuta shi, allunan da za su fara girgiza ba duka ne ke ɗauke da sunan Bature ba.