Wuƙar Tana Jikinka, Ko Gida Ka Koma?

A shekarun da na yi ina tafinta a babbar kotu, babu maganar da na fi juyawa zuwa Turanci kamar wannan: "Ranka ya daɗe, zuciya ce ta ɗebe ni." Wani ya ce aikin Shaiɗan ne, wani ya ce tsautsayi. Alƙali kuwa ba ya rubuta Shaiɗan a takardarsa. Tambayarsa ɗaya ce, kuma ni ke mayar da ita Hausa: wuƙar tana jikinka, ko gida ka koma ka ɗauko?

Na ga mutum biyu da wannan tambaya ta raba. Na farko manomi ne, yana tsakiyar noma aka zo masa da rigimar iyaka, aka mare shi, aka zagi uwarsa, ya ɗaga fartanyar da ke hannunsa sau ɗaya. Na biyu an ci mutuncinsa a kasuwa da hantsi, ya haɗiye, ya koma gida, har ya yi sallar azahar, sannan ya fito da wuƙa. Gawa dai gawa ce, marayu sun tashi a gida biyu. Amma na farko ɗauri ya samu, na biyu aka yanke masa hukuncin kisa.

Dokar finalkod ta Arewa, wadda aka zartar a 1959 ta fara aiki a 1960, ita ta shata wannan iyaka. Sashe na 221 ya tanadi kisa ga wanda ya yi niyyar kashewa, ko ya san mafi rinjaye abin da ya yi zai kai mutum lahira. Sashe na 222 ya buɗe ƙofa: in an tunzura shi tunzuri mai tsanani, ba zato ba tsammani, har hankalinsa ya gushe, kuma ba shi ya nemi fitinar ba, to ya tsira da wuyansa, sai ɗaurin da ke iya kaiwa rai da rai. Niyya ba ta ganuwa, don haka alƙali ke bin sawunta: wane makami, a wace gaɓa, sara nawa, tsawon wane lokaci.

Lokacin nan shi ne ƙashin bayan zancen. Dokarmu daga ta Sudan aka ciro ta, ta Sudan kuma daga ta Indiya ta 1860, shi ya sa lauyoyinmu suka san shari'ar Nanavati, hafsan sojan ruwa na Bombay da ya harbe kwarton matarsa a 1959. Bayan matar ta gaya masa, sai da ya kai iyalinsa silima, ya je jirginsa ya ɗauko bindiga. Kotun ƙolin Indiya ta ce a 1961 duk wannan zirga-zirga ta isa zuciya ta huce.

Abin da ya daɗe yana min kai-kawo shi ne, a zauren malaminmu inda muka karanta Risala ban taɓa jin wannan babi ba. A wurin Imamu Malik kisa iri biyu ne, na ganganci da na kuskure. Wanda ya ɗaga fartanya cikin fushi ya yi ganganci, ƙisasi ya hau kansa. Wannan saɓani ba a takarda ya tsaya ba. A 1947 kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin kisan da kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa Tsofo Gubba, saboda a dokar Turawa tunzurin da aka yi masa ya sassauta laifin. Ire-iren wannan ruɗani na cikin abin da ya sa gwamnatin Sardauna ta kira kwamitin masana a 1958, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Abu Rannat.

Da ina ganin fiƙihu ne ya tsananta. Daga baya na gane ba rashin sassauci ba ne, hannun da ke riƙe da shi ne ya bambanta. Finalkod ta ba alƙali, shi zai auna fushin. Shari'a ta ba masu jini: su nemi ƙisasi, su karɓi diyya, ko su yafe, sannan a Malikiyya a yi wa wanda aka yafe wa bulala ɗari da ɗaurin shekara. Kisan gilla, wanda aka yaudari mutum aka kai shi aka kashe, shi ne ba su da ikon yafewa. Ashe nan ma an san bambancin mai zafin zuciya da mai ƙulla makirci.

Ni dai raina ya fi kwanciya da a tambayi masu jini. Ranar da aka ce manomin nan ba za a rataye shi ba, uwar mamacin na zaune a bencin baya. Ba wanda ya tambaye ta komai tun fara shari'ar. Da aka tashi ta tare ni a baranda ta ce, "Ɗan nan, me Baturen takardar ya ce?" Na yi mata bayanin sashe na 222 iya Hausata. Ta gyara lulluɓinta ta tambaye ni inda ake shiga motar garinsu.