Jarkar Da Na Ɓoye

Akwai wata ɗabi'a tamu da muke kira kissa, wato maigida ya yanke magana, ki ce masa "to" da baki, sannan ki zagaya ki yi abin da kika ga shi ne daidai. Tun ina budurwa nake jin ana yabon mai yin haka, a ce wance ta iya zama da miji. Ni dai yau tambaya nake, shin hikima ce, ko tsoro ne muka ɗaura wa ɗankwali?

A watan Maris na 2006 Baban Ummi, wanda bakanike ne a nan Kurmin Mashi, ya ce zai kai ni Agadas in ga garin da kakarsa ta fito. Wata tsohuwar bas Hiace gare shi, ya cire kujerun baya ya shimfiɗa katifa, muka ɗora risho da tukwane da garin kwaki da dambun nama. A cikinta za mu ci, a cikinta za mu kwana. Yara muka bar su wajen Hajiya, wadda ta ce ita ba ta taɓa jin an ɗauki matar aure an tafi kwanan daji da ita don nishaɗi ba.

Daren da za mu tashi na cika jarka huɗu da ruwa, kowace lita 25. Ya zo ya duba ya ce uku sun isa, mota ta yi nauyi, kuma akwai garuruwa a hanya. Na ce to. Yana shiga wanka na tura ta huɗun can ƙuryar mota, na lulluɓe ta da barguna na ɗora akwatina a kai. Wallahi har wani daɗi na ji a raina, ina ganin na iya.

Muka bi Zariya da Kano da Daura, muka tsallaka iyaka a Kwangwalam, muka kwana a Damagaram. Daga nan zuwa Agadas wajen kilomita 450 ne. Kina wuce Tanut sai ki ga gonakin gero suna janyewa, itatuwa suna gajarta, tun kina ganin ƙaya jefi-jefi har ƙasa ta zama shimfiɗa guda ba abin da ido zai riƙe. A Tanut muka yi wanka da wanki da jarka guda, muka ce ma cika a gaba.

Tsakanin Tanut da Adarbisanat, da rana tsaka, tiyon lagireto ya fashe. Ya ɗaure shi ya zuba ruwa, muka yi 'yar tafiya ya sake ɓallewa. Kafin ya shawo kansa jarka ta biyu ta tafi, ta ukun kuma saura abin da bai kai rabi ba. Ya ce mu dakata sai rana ta yi sanyi, kuma a yi hankali da ruwa don ba a san lokacin da wata mota za ta wuce ba.

To 'yar uwa, nan ne fa wurin da nake so ki tsaya ki duba. Ina zaune a kan katifa, bayana yana jingine da lita 25 na ruwa, amma na kasa buɗe baki. Idan na fito da ita, na nuna masa na saɓa maganarsa, kuma a daidai lokacin da ransa yake ɓace. Sai na ce bari in jira ya huce. Yana ta miƙo min kofi yana cewa, "Sha, Maman Ummi," ni kuwa ina karɓa hankalina kwance tunda na san abin da ke bayana. Sai wajen la'asar da ya tashi zai yi taimama na ga ya dafa jikin mota, leɓɓansa sun tsage sun yi fari. Ashe tun hantsi bai kai ruwa bakinsa ba, nasa rabon yake ba ni.

Na yaye bargunan. Ya dubi jarkar, ya dube ni, ya daɗe bai ce komai ba. Da ya sha ya dawo hayyacinsa abin da ya ce kawai shi ne, "Tun yaushe?" Na ce tun Kaduna. Ya ce, "Da kin faɗa min."

Duk macen da na ba wa labarin nan sai ta ce ai ni na ceci tafiyar, namiji ba ya jin magana sai da dabara. Akwai gaskiya a ciki, ban musa ba. Na san gidajen da idan mace ta ce "a'a, ni ga yadda na gani" za ta kwana da kumburin fuska, irin wannan baiwar Allah ba ni da bakin ganin laifinta don ta ɓoye. Amma ni nawa mijin bai taɓa ɗaga min hannu ba. Iyakar abin da nake gudu shi ne musu na minti biyar a tsakar gida. Kin ga kenan na sayi zaman lafiyar dare ɗaya, shi ya biya da ƙishirwar wuni guda. Ruwan ya yi amfani, amma mutumin da yake lissafin rayuwarmu a wurin nan da lissafin ƙarya yake yi, kuma ni na ba shi ƙaryar. Da ya ce zai taka ya nemo taimako fa? A irin wannan fili ba a tafiya a ƙasa a dawo.

Wani abin kuma, "to" ɗin da na ce masa a Kurmin Mashi raini ne a cikinta, ko da ban sani ba. Na yanke cewa ba zai fahimta ba tun ban gwada shi ba.

Washegari muka shiga Agadas, muka ga hasumiyar masallacin nan ta ƙasa mai tsawon mita 27, wadda aka fara ginawa a 1515 aka sake ta a 1844. Muka ɗan ƙara gaba zuwa Dabaga a gindin duwatsun Azbin, inda Buzaye suke noman albasa da ruwan rijiya, muka yi kwana biyu a bakin wani lambu. Shekara na zagayowa, a 2007, tawaye ya ɓarke a yankin, irin wannan yawo ya gagara.

Ranar da za mu juyo ya jera jarkoki a bakin rijiya, ya cika uku, ya tsaya da guga a hannu ya ce, "Maman Ummi, nawa za mu ɗauka?" Na ce biyar. Ya ce mota ba za ta ɗauka ba. Muka yi ta musu har mai lambun ya leƙo yana dariya, daga ƙarshe ya shiga kasuwa ya sayo ta biyar ɗin, amma akwatina ne ya koma saman mota.