Bargon Da Wata Ta Fara: Wa Zai Ƙarasa, Kuma Ta Yaya?

A Amurka mata suna da wani tsohon aikin hannu: su tara ƙananan ƙyallaye masu launi iri-iri, su harhaɗa su da allura har su zama shimfiɗa guda, su sa auduga a tsakiya da wani yadi a ƙasa, sa'an nan su ɗinke ukun tare. Bargo ɗaya yakan ci watanni, wani ma shekaru. Saboda haka ba abin mamaki ba ne mutuwa ta riski mai ɗinki allurarta tana soke a jikin ƙyalle.

Haka ya faru a shekara ta 2019 a wani gari kusa da Shikago. Wata tsohuwa ta rasu tana da shekara 99, aka fitar da kayan gidanta domin sayarwa. Wata mai sana'ar ɗinki, Shannon Downey, ta ga akwatin roba cike da ƙyallayen da marigayiyar ta yanka domin bargo mai ɗauke da jihohin Amurka 50, kaɗan kawai ta gama. Ta saye shi dala 6, ta nemi taimako a Instagram, mutane fiye da 1,000 suka ce za su sa hannu. Aka rarraba ƙyallayen ta gidan waya, aka tattaro su, aka haɗa. A shekara ta 2020 an rataye bargon a gidan adana barguna na ƙasa da ke Paducah, a jihar Kentucky.

Labari ne mai daɗin ji, amma akwai tambaya a ƙarƙashinsa, 'yan'uwa. Domin wa aka yi wannan wahala? Wadda ta tafi ba ta jin sanyi kuma. Ba ta roƙi kowa ba, ba ta san waɗannan mutane ba. In an ce bashi ne, to, wa ya ci bashin?

A ganina ba bashi ba ne, amana ce, ko da ba wanda ya danƙa ta da baki. Aikin da aka bari rabi yana nuna nufin mai shi a fili: ga inda ta sa gaba, ga launin da ta zaɓa. Wanda ya buɗe akwatin ya ga wannan nufi, ba zai iya yi kamar bai gani ba. Ƙyalle gama-gari ana iya goge tebur da shi. Wanda aka yanka daidai awo, aka jera shi da 'yan'uwansa, hannu yakan yi nauyi kafin ya jefar. Duk uwar da ta taɓa samun rigar sanyi ta jariri da kakar yaran ta fara saƙawa da kwarashi, hannu ɗaya bai ƙare ba, ta san wannan nauyi.

Inda magana ta fi wuya shi ne yadda za a ƙarasa. A ce mai ƙarasawa ta fi mai farawa gwaninta. Ta ga ɗinkin tsohuwa ya karkace, domin ido ya raunana, hannu yana rawa. Ta ga launin da aka zaɓa bai yi mata kyau ba. Ta warware ta gyara? Mutane da yawa za su ce i, ai ita ma marigayiyar da ta so aikinta ya fito da kyau. Ni ban yarda ba. Wannan karkataccen layi shi ne abin da ya rage na hannunta a duniya. In an warware shi, bargon zai fi kyan gani, amma jikar da za ta rufa da shi ba za ta sami wurin da za ta aza yatsa ta ce nan kakata ta taɓa ba. Mai gyaran ta maye gurbin tsohuwar ke nan, alhali ta zo ne domin ta taimake ta. Sai fa in ɗinkin zai ɓalle a wankin farko. A nan ƙarfafa shi hidima ce, kuma ana iya yin haka daga baya ba tare da an cire zarenta ba.

Akwai kuskure na biyu, wanda ya yi kama da tawali'u. Shi ne mai ƙarasawa ta ɓoye hannunta sarai, ta bar iyali su ɗauka cewa marigayiya ce ta ɗinka duka. Wannan ƙarya ce, ko da an yi ta da ƙauna. Gara a faɗa wa yara gaskiya: daga nan zuwa nan aikin kaka ne, sauran na gwaggo ne. Ba abin da gaskiyar take ragewa. Masu karatun Littafi Mai Tsarki za su tuna cewa Dauda ne ya tara duwatsu da ƙarfe da tagulla da itacen al'ul, ya kuma miƙa wa ɗansa tsarin ginin Haikali, amma Sulemanu ne ya gina shi cikin shekara 7. Littafin Tarihi na ɗaya bai ɓoye rabon uban ba, bai kuma ba shi na ɗan ba.

Duk da haka kada mu mai da wannan doka. Ba kowane abin da aka bari ba ne ake so a ƙarasa. Wata ta ajiye ɗinki ne domin ta gaji da shi, ko domin wanda take yi wa ya riga ta tafiya, ganinsa kuma yana tayar mata da baƙin ciki. 'Yar da ta gāji irin wannan akwati ba ta yi laifi ba in ta rufe shi. Na fi jin tsoron iyalan da suke ɗora wa gwauruwa ko ɗan fari nauyin kammala duk abin da mamaci ya fara, ko gini ne ko sana'a, har kuɗin makarantar yara ya tafi a kan katangar da ba mai bukatarta. Mai rai yana da haƙƙi a kanmu wanda ya fi na ƙyalle.

Wanda kuwa bai iya allura ba, ko kuka ya hana shi riƙe ta, yana iya miƙa wa wata. A Amurka an kafa wata ƙungiya mai suna Loose Ends wadda take haɗa iyalan da aka yi wa rasuwa da masu saƙa da ɗinki, su ƙarasa aikin ba tare da karɓar ladan hannu ba, su mayar wa iyalin. Wasunsu sukan sa ɗan zare mai wani launi dabam a daidai wurin da hannun farko ya tsaya.