Amanar Abin da Ido Ba Ya Gani

Kowane gini kashi biyu ne: akwai wanda ido ke gani ya yaba, akwai kuma wanda aka binne cikin ƙasa ko aka shafe da siminti, wato harsashi da rodi da mahaɗar ƙarafa. Na farkon shi ke jawo wa magini suna, na biyun kuwa shi ke riƙe da rayukan mutane. Tun da Jalingo ta zama babban birnin Jihar Taraba a 1991, muke ganin bulo yana korar jar ƙasa, benaye suna tasowa a Kachalla Sembe da sauran unguwanni. Babu mai hawa hamsin a cikinsu, amma tambayar da muke son tattaunawa ta shafe su kamar yadda ta shafi dogayen benayen duniya: me ke tsare magini a wurin da babu mai ganinsa, kuma idan ya gano aibi, wa ke da haƙƙin ya ji?

A da amsar ba ta da nisa. Lokacin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, azarar da ke ɗauke da bakan gizon masallacin a lulluɓe take da laka, ba mai ƙirga ta. Sai dai maginin Hausa ɗan gari ne. Yana sallah a ƙarƙashin rufin da ya yi, akwai Sarkin Magina a kansa, 'ya'yansa kuma za su gaji sana'ar tare da sunan da ya bari, mai kyau ko maras kyau. Tsoron Allah da kunyar idon sani su ne 'yan dubansa.

Dogon bene ya rushe wannan sanayya. Babban abokin gabarsa iska ce, domin gwargwadon tsawonsa gwargwadon yadda take tura shi gefe. Injiniya Fazlur Rahman Khan, haifaffen Dhaka, ya magance haka a benen Sears na Shikago, mai tsawon mita 442, wanda aka kammala a 1974, ta hanyar haɗa dogayen bututaye tara na ƙarfe wuri guda su tallafi juna. Duk wanda ya taɓa ɗaure damin kara ya san hikimar: kara ɗaya iska ke lanƙwasawa, dami kuwa sai ya tsaya. Amma dubban ma'aikatan da ke shiga ofisoshin irin wannan gini kowace safiya ba su san wanda ya yi lissafin ba, ba kuma za su iya bin sawunsa ba ko da an shimfiɗa musu takardun. Sun ba da amanar ransu ga baƙon da ba za su taɓa haɗuwa da shi ba.

Labarin benen Citicorp na birnin Niyok, mai hawa 59, shi ne ya fi fito da matsalar fili. An kammala shi a 1977, a kan manyan ginshiƙai huɗu da aka kafa a tsakiyar kowane gefe maimakon kusurwa, saboda wata coci da ke zaune a kusurwa ɗaya. A 1978, bayan tambayoyin da suka fito daga ɗalibai, injiniyan ginin, William LeMessurier, ya sake lissafi a kan iskar da ke bugun kusurwa, ga shi kuma an ɗaure mahaɗar ƙarafan da noti maimakon waldar da aka tsara tun farko. Lissafinsa ya nuna masa cewa guguwar da kan zo kamar sau ɗaya a shekara 16 za ta iya kayar da ginin, idan wuta ta ɗauke na'urar da ke rage lilonsa ta tsaya. Babu wanda ya sani sai shi. Duk da haka ya je ya faɗa wa masu ginin, alhali yana sane da cewa sunansa da dukiyarsa na iya tafiya. Aka yi ta walda cikin dare, ana liƙa faifan ƙarfe a mahaɗa wajen 200, har aka gama.

An daɗe ana koyar da wannan labari a matsayin misalin riƙon amana, mu ma ba mu ƙi ba. Ko da binciken baya ya nuna haɗarin bai kai yadda ya zata ba, wannan bai rage masa komai ba, tunda mutum da abin da ya sani ake auna shi. Inda muke da ja shi ne shirun da ya biyo baya. Jama'a ba su ji cikakken labarin ba sai a 1995. Masu kare shirun sun ce firgita gari ba ya ƙara wa ƙarfe ƙarfi, kuma an shirya kwashe mutane idan guguwa ta matso. Hujja ce mai nauyi. To amma akawun da ke zaune a hawa na talatin a lokacin guguwar, ransa ne aka sa a ma'auni, wasu suka auna a madadinsa ba da saninsa ba. A ganinmu an biya masu ginin haƙƙinsu, nasa kuwa an riƙe.

Gida bai ƙoshi ba, balle mu yi wa na dawa dariya. A ranar 1 ga Nuwamba 2021, bene mai hawa 21 da ake ginawa a Ikoyi ta Legas ya rufta, mutum fiye da 40 suka rasu, har da mai ginin. Daga baya jaridu suka buga wasiƙar da injiniyoyin farko suka rubuta tun 2020 suna janye hannunsu daga aikin. Sun fita kunyar sana'arsu, babu shakka. Sai dai wasiƙar ga mai ginin aka aika ta, leburorin da ke ɗaukar kwanon kankare zuwa sama ba su karanta ta ba, kuma su ne suka fi yawa a ƙarƙashin ɓaraguzan.

Idan muka dawo Kachalla Sembe, wanda ya san gaskiyar kowane bene shi ne yaron da ya kwaɓa simintinsa. Shi ya san baro nawa na yashi aka zuba wa buhu ɗaya, ya san inda aka rage rodi don kuɗi ya isa. Da yamma a biya shi ladansa ya tafi, bayan wata shida a shafa fenti, wata malamar makaranta ta kama hayar ɗakin ƙasa ita da 'ya'yanta.