Shekarar Hidima a Ƙofar Ilimi

A shekarar 2011, wadda a cikinta Jamus ta dakatar da tilasta wa samarinta aikin soja, Jami'ar Koyon Likitanci ta birnin Hanoba ta fito da wani tsari domin yaran da suka gama sakandare, wato duk wanda ya ga dama, bisa raɗin kansa, ya jinkirta neman digiri, ya zauna shekara guda cur a ɗakin bincike yana yi wa masana hidima, ana ba shi ɗan kuɗin kashewa kowane wata, a kuma ware masa kwana 25 na darasi, kamar yadda dokar aikin sa-kai ta ƙasar ta shar'anta.

To, mas'alar ita ce, shin wannan tozarta lokaci ne, alhali kuwa umuri amana ne? Mai gaggawa zai ce i, tunda tsaran yaron sun yi gaba, shi kuwa bai fita da ijaza ba. Ni dai ban gamsu ba. Yaron da ya wuni yana wanke kwalaben gwaji, yana manna wa kowace lamba, yana rubuta awo a littafi, sa'an nan ya ga gwajin da aka yi makonni ana tattali ya lalace, malamin kuma bai ɓoye ba, ya rubuta hakikanin abin da ya auku ya sake daga fari, lalle ya koyi haƙuri da gaskiya, waɗanda ba a samunsu sai da mulazama. Almajiran zaurukanmu da suka daɗe suna shimfiɗa wa malam buzu sun san wannan. Imamu Gazali ya lissafa likitanci cikin farillan kifaya, kuma farillar da wasu za su ɗauke wa al'umma ta cancanci mai ɗaukarta ya jarraba niyyarsa tukuna. Wanda ya ɗanɗana ya ga bai dace da ita ba, ya janye tun da wuri, shi ma ya amfana.

Abin da ke damuna ɗaya ne. Kuɗin kashewar nan da ƙyar suke isa hayar ɗaki da abinci, saboda haka ɗan mai hali shi ya fi samun sukunin wannan jinkiri, ɗan talaka kuwa, komai hazaƙarsa, sau da yawa lalura kan ingiza shi ya nemi abin da zai kawo albashi da wuri.